Ciwon da Aka Ɗora wa Gidan Inna

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safe ne, ranar wata Asabar a tsakiyar noman fari, shekarar da nake aji huɗu na firamare. Na san lokacin domin mahaifina ya duba agogon hannunsa ya faɗe shi da ƙarfi, kamar yadda ya saba duk sa'ad da aka kawo abincin gona, don wadda ta dafa ta san ko ta makara. Waɗanda suke wurin su ne Baba da kansa, da yayarsa Gwaggo Dije wadda take zaune a gidanmu tun rasuwar mijinta, da samarin gayya da makaɗinsu, sai ni a ƙarshen layi da 'yar fartanyata. Gonar a bayan gidanmu take, a ƙauyenmu da ke tsakanin Ƙofa da Tiga, saboda haka mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana tsaye a bayan danga tana miƙo wa Gwaggo ƙoren fura.

A daidai wannan lokaci wani abu mai ƙyalli ya fara rawa a gefen idona na hagu, kamar hasken rana a kan ruwan kanal. Na murza idon, bai tafi ba. Ya yi ta faɗi har rabin fartanyar da ke hannuna ya ɓace mini. Na ci gaba da noma don tsoron Baba, ashe dawa nake sarewa ina barin ciyawa. Kafin a ankara na kwantar da shuka mai yawa. Daga nan sai ɓarin kaina na hagu ya soma bugawa, duk dukan da makaɗi ya yi wa gangarsa sai in ji shi a bayan idona. Na durƙusa na yi amai. Makaɗin ya juyo da ganga kaina yana cewa, "Ɗan Malam, kai ya fi fartanya nauyi!" Samari suka kwashe da dariya. Baba bai yi dariya ba. Ya sa Gwaggo ta taɓa wuyana, ta ce babu zafi. Sai ya yanke hukuncin da na haddace tun ranar: "Ciwon da babu zazzaɓi, babu jini, babu kumburi, sunansa lalaci." Ya cire mini hula, ya tsayar da ni a tsakiyar gona cikin rana, ya ce in zauna idan an kira azahar. Inna tana gani ta kafar danga. Ba ta ce komai ba.

Dole in bayyana dalilin shirunta, don kada a yi mata mummunan zato. Ni ne ɗan farinta, kuma a gidan da ta fito, can wani ƙauye a gindin duwatsun Doguwa, kunyar ɗan fari doka ce mai ƙarfi. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta shiga faɗansa, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Sunana Sule, amma ban taɓa jin sa a bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko "yaron nan". Idan ta zuba mini tuwo sai ta ajiye a bakin murhu ta juya baya, kamar an manta da shi ne a wurin. Wannan tarbiyya ce a wurinsu, kuma kowa yana yaba mata a kai. Baba ma yana yabawa, domin ta ba shi dama ya yi da ni yadda ya ga dama.

Gidanmu gida ne na tsari. Da asuba salla, sai sharar turke, sai ɗebo ruwa a rijiyar bakin masallaci, sai koko, sai makaranta. Da an tashi, yankan ciyawar awaki. Da damina noma, da kaka korar tsuntsaye da ɗaukar dami, da rani kuma tsinkar tumatir a fadamar da ruwan dam yake ba mu. A tsakanin waɗannan muke satar wasa: langa a dandali, ƙwallon tsumma a bayan aji, tura gare-gare a kan hanyar kasuwa, da wanka a kanal wanda aka hana mu amma ba mu fasa ba. Ina son langa ƙwarai, kuma da wuya a kayar da ni. Ban kasance malalaci ba. Wannan ina so a rubuta shi daidai.

Shi ma ciwon yana da nasa tsarin, ban taɓa ganin ya saɓa ba. Da farko hamma da kasala, da ƙin warin daddawa. Sai ƙyallin nan a ido. Idan ƙyallin ya wuce sai bugun ya zo, kullum a ɓari ɗaya. Daga nan haske ya zama maƙiyi, ƙarar taɓarya ta zama maƙiyiya, har kukan zakara. Sai amai, sai barci idan an bar ni, in tashi kamar wanda aka yi wa duka da dare ya kwana. Yakan zo idan na daɗe a rana, ko na wuni da yunwa, ko barci bai ishe ni ba. Na gano wurin ɓuya a ƙarƙashin rumbun dawa, inda kaji suke shan inuwa. Akwai duhu da sanyi a wurin. Wani lokaci ina kwance sai in ga ƙafafun Inna sun wuce, tsumma jiƙe da ruwan randa ya faɗo kusa da dutsen rumbu. Ba ta tsayawa, ba ta duƙowa.

A makaranta ma babu sauƙi. Malamin ajinmu ya ɗauka lissafi nake gudu, domin sau da yawa bayan hutun ƙarfe tara ciwon yake kama ni, lokacin da muka dawo daga guje-guje cikin rana. Yakan sa ni in durƙusa a bakin aji in ɗaga kai sama. Yara suka sa mini suna Rabin Kai, sunan ya bi ni har dandali, har kasuwar Ƙofa.

Da abin ya yi ta maimaituwa, Baba ya nemo masa asali. Ya ce a zuri'arsu babu rago, don haka daga gidan su Inna aka kwaso shi. Hujjarsa ita ce wani ƙanen Inna da ya taɓa zuwa mana ya yi barcin rana a zaure. Tun daga nan kalmar ta zauna a bakinsa: "jinin gidanku". Idan miya ta yi gishiri, jinin gidanku. Idan akuya ta ci rogon maƙwabta, jinin gidanku. Sannan ya kawo maganinsa. Ya kira wanzami ya yi mini tsaga ƙanana a gefen goshi, ya kafa ƙaho ya zuƙe jini, wai a fitar da mugun jinin. Mutane da yawa suna yin haka da kyakkyawar niyya, don abin da suka sani ke nan. Baba kuwa ya faɗa mini niyyarsa a fili: duk ranar da na sake cewa kaina, wanzami zai dawo. Gwaggo ce take danne mini kafaɗu. Na koyi yin amai a bayan gari in share bakina in dawo in ɗauki fartanya.

Yanzu sai in zo kan halwa. Baba manomi ne, amma ana kiransa Malam, saboda wata ɗabi'a da aka san shi da ita. Lokaci-lokaci yakan shiga turakarsa ya rufe ƙofa, ya toshe taga da tabarma, a ce Malam ya shiga halwa, wato ya keɓe yana wuridi. Ranar ba a daka a gidanmu, sai Inna ta aika da hatsi maƙwabta. Ba a soya komai, ba a kunna rediyo, zakara ma ɗaure shi ake yi a kai bayan gida. Ba ya cin abinci, ba ya magana da kowa. Inna kaɗai take shiga da buta, ta fito da wani kasko a rufe. Washegari ya fito idanunsa sun faɗa, mutane su riƙa gaishe shi da girmamawa suna cewa a sa su a addu'a. Ni ma ina alfahari da hakan. Nakan gaya wa yara cewa ubana yana ganawa da abin da ubanninsu ba sa gani.

Wata ranar halwa da hantsi, ɗan tsako ya kuɓuce ya shige ta ƙasan ƙofar turakar yana kuka. Na ji tsoron kada ya ɓata wa Baba wuridi, sai na tura ƙofar a hankali na shiga da rarrafe. Da idona ya saba da duhun, ga abin da na gani. Carbi yana rataye a ƙusa. Buzun salla yana naɗe. Baba yana kwance a kan daɓe, ya ɗaure kansa tamau da rawani, ya manna ɓarin goshinsa na dama a jikin tulu mai sanyi, kaskon nan kuma yana gefensa da amai a ciki. Yana nishi irin wanda nake yi a ƙarƙashin rumbu. Hasken da ya shigo ta ƙofa ya taɓa fuskarsa, ya kare ido da hannu kamar an watsa masa barkono. Sannan ya buɗe ido ɗaya ya gan ni. Muka dubi juna. Ya ce, "Fita."

Na fita da farin ciki, wallahi. A wautata ta yaro na ɗauka an gama, tunda ya san na sani, kuma ya san irin abin da nake ji. Da ya fito daga halwar, abu na farko da ya yi shi ne aika a kira wanzami, alhali ban ce kaina yana ciwo ba. A ranar tsagar ta fi ta kullum zurfi. Na fahimci abin da ake nufi.

Haka muka zauna har kakar da ƙanwata Hajara ta kai shekara bakwai. Ana sussukar dawa a tsakar gida sai ta ajiye tsintsiya ta ce fuskar Gwaggo ta rabu biyu. Jim kaɗan ta kama kai tana kuka, ta yi amai a kan hatsi. Baba ya aika a kira wanzami. Mutumin ya zo, ya shimfiɗa zabirarsa, ya fara wasa aska. Sai Inna ta ɗauki Hajara ta kai ta ɗaki, ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe dogaran ƙofar da hannu biyu. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Malam, wancan na yi shiru don ba ni da baki a kansa. Wannan kam ba za a tsaga ta ba." Wanzami ya tattara kayansa, ya ce ya tuna ana jiran sa wurin wani suna, ya fice. An ƙi bin umarnin Baba a gaban baƙo. Bayan la'asar ya tsaya a tsakar gida, Gwaggo tana zaune, ya ce jinin gidan su Inna ya ɓata masa ɗa, yanzu ya ɓata masa 'ya, ga kuma rashin kunya a kai. Ya ce ya sake ta.

Saki ɗaya ne, akwai damar gyara. Aka aika Doguwa, babban wan Inna, Kawu Garba, ya zo da kansa. Dattijo ne mai sanyin magana. Suka zauna a zaure shi da Baba da limamin unguwa, ni kuma aka sa ni kawo ruwa. Na ji Kawu yana cewa ya bincika kaf danginsu, na uwa da na uba, bai sami mai irin wannan ciwon ba, kuma ko da akwai, cuta ba laifi ba ce da za a kashe aure a kanta. Baba ya ce to daga sama ya faɗo? Idan ba gidansu ba, gidan wa? Liman ya ce idan an san inda abin ya fito, magana ta ƙare, kowa ya yi haƙuri. Na ajiye kwanon ruwan, na durƙusa, na ce Baba ma yana yi, na gan shi, halwar nan ciwon kai ce. Ban yi nadamar faɗa ba har gobe, domin gaskiya ce.

Kawu Garba bai dubi Baba ba. Ya ce maganar yaro ba a gina hukunci a kanta, a kira babba. Aka kira Gwaggo Dije, ta zo ta tsuguna daga bakin ƙofar cikin gida. Kawu ya ce, "Hajiya, ke kika goyi Malam. Don girman Allah, akwai wannan abu a gidanku?" Auren Inna gaba ɗaya yana kan harshenta a lokacin. Ta gyara lulluɓi ta ce, "Ƙanena halwa yake yi. Mu gidanmu ba mu san wannan ciwo ba. Yaron nan uwarsa ce ta kitsa masa." Shi ke nan. Liman ya sunkuyar da kai. Baba ya ce matar da take koya wa ɗa ya tozarta ubansa ba za ta sake kwana a gidansa ba. Bayan baƙi sun tashi ya ɗaure ni a turken akuya ya yi mini dukan da na kwana biyu ban iya zama ba.

Inna ta fi kowa sanin gaskiya, ita take wanke kaskon. Ba a tambaye ta ba, ita ma ba ta faɗa ba, domin an koya mata cewa mace ba ta tona asirin miji ko da ya zama tsohon miji. Da safe ta ɗaure kayanta, Kawu ya samo ɗan achaɓa da zai kai su bakin titi su hau motar Tudun Wada. Baba ya hana ta tafiya da ko ɗayanmu. Ta rungume Hajara ta daɗe. Ni ina jingine da bango, ba ta dube ni ba. Sai da ta kai bakin zaure ta ce wa Hajara, "Ki gaya wa wancan ya riƙa sa hula in zai shiga rana." Kasuwa ba ta zagayo ba aka yi wa Hajara tsagar. Gwaggo ce ta danne ta.

Inna ba ta dawo ba. Ta yi wani aure a can, ta rasu ina saurayi. Baba ya ci gaba da halwarsa har ƙarshen ransa, kuma da sunan Malam aka binne shi. Ni karatuna bai yi nisa ba, na tsaya a farkon sakandare, na kama noman rani da gyaran injin ban ruwa, da su nake riƙe iyalina. Ciwon bai rabu da ni ba, sai dai ya ragu da girma. Hajara kuwa nata ƙaruwa ya yi bayan ta zama budurwa.

Sai da 'yata Asiya ta fara irin wannan na sami bayanin da ya kamata a ce an samu tun farko. Na kai ta wani asibiti a Kano. Tambayar farko da likitar ta yi bayan ta duba ta ita ce, ko akwai mai irinsa a gida. Na ce ni, da ƙanwata, da mahaifina. Ta ce sunansa ciwon ɓarin kai, kuma sananne ne cewa yana bin dangi. Ta yi mini bayani dalla-dalla, ni kuma zan maimaita yadda na fahimta. Kowane mutum yana gadon ƙwayoyin halitta daga uwa da uba, su ne suke sa ɗa ya ɗauko tsayin wannan ko hancin wancan. A cikinsu akwai waɗanda suke sa ƙwaƙwalwar wani ta fi ta wani saurin harzuƙa da haske, ko ƙara, ko yunwa, ko rashin barci. Yawanci ba ƙwaya ɗaya ba ce, da yawa ne suke taruwa, shi ya sa ciwon yakan kama wani ɗa ya bar ɗan'uwansa, wani lokaci ma ya tsallake uba ya bayyana a jika. Yana iya zuwa ta wajen uba, yana iya zuwa ta wajen uwa, kuma ya fi yawa ga mata bayan sun balaga. Ba a ɗaukarsa a kwano ko a shimfiɗa, kuma ba ya cikin jinin da ƙaho yake zuƙowa. Abin da aka gada shi ne saurin kamuwa, rana da yunwa da gajiya su ne suke tayar da shi. Ta ce a ba yarinya abinci a kan lokaci, da ruwa, da isasshen barci, idan ya taso a kai ta ɗaki mai duhu, a ba ta maganin da aka rubuta kawai, kada a riƙa ɗura mata na kanti kullum. Ta kuma gargaɗe ni cewa ciwon kai da ya zo da zazzaɓi ko sanƙarewar wuya, ko wanda bai yi kama da na kullum ba, wannan a garzaya asibiti.

Daga Kano ban zarce gida ba. Na biya wurin Gwaggo Dije, wadda a lokacin ta tsufa tukuf, tana zaune wurin jikanta a Kiru. Na gaishe ta yadda ya kamata, sannan na tambaye ta. Ba ta ko yi jinkiri ba. Tana gurza goro a magogi ta ce, "Ai tun Iyarmu. Ita ma sai ta ɗaure kai da ɗankwali ta shige ɗaki. Ni ma na yi nawa kafin jini ya ɗauke mini." Na ce to me ya sa ta faɗi abin da ta faɗa a zaure? Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta. Ta ce, "In bar ƙanena ya kunyata a gaban surukai? Mace ai ana samun wata."

Yanzu zamani ya sauya. Akwai asibiti kusa, akwai magani, yara suna zuwa da bayanai daga makaranta waɗanda mu ba mu sani ba. Asiya idan abin ya taso mata takan faɗa a fili, a sauke mata labule, ƙannenta su fita waje da wasansu, ba wanda yake kiran ta raguwa. Hanyar Doguwa ma ta yi sauƙi, mutum ya je ya dawo a wuni guda. Sai dai wadda zan je in gaya wa cewa an wanke gidansu ba ta nan. Sanin ya zo, amma ya tarar da kabari.

Saboda haka ina da roƙo ɗaya ga mai karatu, musamman dattijo ko dattijuwar da ta san tarihin gidansu. Idan yaro ya kama ɓarin kai yana kuka, aka fara neman wanda za a ɗora wa laifi, kai kuma ka san akwai abin a zuri'arku, don Allah ka buɗe baki ka faɗa a ranar, tun matar tana cikin ɗakinta.